Shawara ga Ɗalibar da Kwas ɗin Tarihin Harshe Ya Sha wa Kai

Wata ɗaliba ta aiko da wannan wasiƙa, wadda na taƙaita:

"Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar aji uku ce a sashen nazarin harsuna na wata jami'a, asalina kuma daga yankin Gusau nake. A wannan zango muna yin kwas na kimiyyar tarihin harshe, wanda ya zame mini ƙarfen ƙafa. Kowane mako malaminmu yana ba mu babi guda daga littafin kwas, wani lokaci har da maƙala a kai, duk da Turanci, cike da misalai daga Sanskirit da Girkanci da Latin da Gotik, harsunan da ban san ko kalma ɗaya a cikinsu ba. Ina karatu har dare ya raba, ina haddace dokoki da shekaru, amma a jingar farko, wadda aka ba mu jerin kalmomi aka ce mu gano tsohuwar siffarsu, ko rabin makin ban samu ba. Yawancin 'yan ajinmu kwafar amsa suke yi daga wurin mutum biyu, kuma sun fi ni maki. Ga kuma takardar bincike ta ƙarshen zango, wadda nake son in rubuta a kan cewa Hausa daga Larabci ta fito, domin na tara kalmomi da yawa da suka yi kama. Shin in bi sahun masu kwafa in tsira da makina, ko akwai wata hanya?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatunki albarka.

Daga yadda kika bayyana lamarin, ƙwazo bai yi miki ƙaranci ba, kuma ba Turancin ne ya kayar da ke ba. Abin da ya faru shi ne kin tunkari wannan kwas da irin karatun da ya fisshe ki a sauran kwasa-kwasai, wato ki karanta, ki haddace, ki mayar wa malami abinsa a takardar jarrabawa, alhali kuwa tarihin harshe fanni ne da ake koyo da fensir a hannu. Ya fi kama da ilimin rabon gado, inda ɗalibi zai iya haddace rabon kowane magaji tsaf, amma idan aka ajiye masa mas'ala ta gaske, ga mata biyu, ga uwa, ga 'ya'ya mata, ga ɗan'uwa shaƙiƙi, sai ya rasa ta inda zai fara, har sai ya warware mas'aloli da yawa da hannunsa. Jingar da ta kayar da ke mas'ala ce irin wannan, kuma ba a ba ku ita don a gwada haddarku ba.

Bari in fara cire miki tsoron Sanskirit da Gotik. Babu wanda yake sa ran ki iya waɗannan harsuna, kuma da yawa daga cikin malaman da ke koyar da kwas ɗin ba sa jin su. Dalilin da ya sa suka cika littattafan shi ne a kansu aka gina fannin. A shekarar 1786 wani alƙali Bature mai suna William Jones ya gabatar da lacca a Kalkata ta ƙasar Indiya, ya ce kamannin da ke tsakanin Sanskirit da Girkanci da Latin ya yi yawan da ba zai zama katsahan ba, dole ne su kasance daga tushe ɗaya suka fito. Bayansa Rasmus Rask ɗan ƙasar Denmak, a 1818, da Jacob Grimm ɗan ƙasar Jamus, a 1822, suka nuna cewa bambancin da ke tsakanin waɗannan harsuna da harsunan dangin Jamusanci, irin su Gotik da Turanci, yana bin ƙa'ida. Sun yi dacen samun harsunan da ke da rubutu na dubban shekaru, shi ya sa hanyoyin binciken suka fara nuna a can kafin a kawo su kan harsunan Afirka. Saboda haka idan kika ga kalmar Sanskirit a shafi, ki ɗauke ta a matsayin jerin sautuka kawai, baƙi da wasali, waɗanda kin riga kin koyi siffanta su a kwas ɗin ilimin furuci na aji ɗaya ko aji biyu.

Ga yadda nake so ki riƙa karanta irin wannan shafi. A ce kin iso wurin da ake bayanin dokar Grimm. Kada ki wuce misalan ki tafi neman jimlar da za ki haddace. Ki ɗauki takarda ki ja layi a tsakiya, ki rubuta kalmomin Latin a hagu, na Turanci a dama, "pater" da "father", "piscis" da "fish", "tres" da "three", "cornu" da "horn", "centum" da "hundred", sannan ki ja da'ira a kan baƙin farko na kowace kalma, kina tuna cewa harafin c a tsohon Latin sautin k yake wakilta. Idonki da kansa zai ga p tana fuskantar f, t tana fuskantar th, k tana fuskantar h. Daga nan sai ki tambayi kanki abin da ya haɗa p da t da k, ki ga duk tsayau ne, wato baƙaƙen da iska take tsayawa cak wajen furta su, kuma marasa ziza, wato tantanin maƙogwaro ba ya kaɗawa, da abin da ya haɗa f da th da h, ki ga duk zuzau ne marasa ziza, wato baƙaƙen da iska take kurɗawa ta matsattsiyar kafa wajen furta su. To kin gano kashi ɗaya cikin uku na dokar da kanki, kuma abin da aka gano ta wannan hanya ba ya buƙatar hadda. Ki ƙara da "duo" da "two", "decem" da "ten", za ki ga kashi na biyu yana fitowa, inda tsayau masu ziza suka rasa zizarsu. Shafi ɗaya da kika yi wa haka ya fi miki amfani a kan shafi ashirin da kika bi da ido da tsakar dare.

A cikin tarihin fannin da ake ba ku ku karanta, labarin Karl Verner ne ya fi cancantar ki tsaya a kansa, domin shi ne yake koyar da halin da ake so ɗalibi ya kasance da shi a gaban jinga. Dokar Grimm ta bar wasu kalmomi da suka ƙi bin ta. A Gotik kalmar ɗan'uwa tana da th a tsakiya, kamar yadda dokar ta tanada, amma kalmar uba, "fadar", d take da ita, alhali a Sanskirit duka biyun t suke da ita, "bhratar" da "pitar". An daɗe ana ɗaukar irin waɗannan a matsayin kalmomin da suka kauce kawai. A cikin shekarun 1870 Verner, shi ma ɗan Denmak, ya lura cewa a Sanskirit nauyin murya yana sauka a gaɓar farko ta "bhratar", amma a gaɓa ta biyu ta "pitar", ya bi sauran kalmomin da suka kauce ya tarar duk haka suke, wato abin da aka zata kauce wa doka ashe wata doka ce ta biyu da ba a gano ba. Wannan ne ya ƙarfafa wa matasan masana na birnin Leipzig gwiwar cewa sauyin sauti ba ya zaɓen kalma, duk inda sharaɗinsa ya cika sai ya auku. Shekarun da sunayen, ki rubuta su a shafi guda a bayan littafinki, ki duba su ana gobe jarrabawa. Hujjar ce take buƙatar lokacinki.

Game da yawan karatun mako kuwa, shawarata ita ce ki daina ba kowane shafi haƙƙi ɗaya. Kafin ki fara babi, ki buɗe ƙarshensa ki duba ayyukan da marubucin ya ajiye, domin su ne suke faɗa miki abin da yake so ki iya bayan kin gama. Sannan ki bi babin da sauri ki ga kanun batutuwa da sababbin kalmomin fannu, ba tare da tsayawa kan abin da ya shige miki duhu ba. A zama na biyu, wanda ya kamata ya kasance lokacin da kanki yake sake, bayan sallar asuba ko da hantsi, sai ki zaɓi misalai biyu ko uku a ƙarƙashin kowane batu ki yi musu aikin fensir irin wanda na kwatanta, ki bar sauran. Marubutan irin waɗannan littattafai sukan jera misali takwas a kan abu ɗaya don su gamsar da masana 'yan'uwansu, ke kuwa uku sun ishe ki. Maƙalun da ake haɗa muku da su wani abu ne daban. An rubuta su ne don masana, a tsakiyar wata muhawara da ba ki halarci farkonta ba, saboda haka abin da ake nema daga gare ki shi ne ki iya faɗin da'awar marubucin, da wanda yake mayar wa martani, da hujja ɗaya mai ƙarfi da ya kafa. Idan kin iya rubuta waɗannan a rabin shafi da kalmominki, kin karanta maƙalar, ko da akwai sakin layi goma da ba ki gane ba. Ki kuma ware littafi na musamman don kalmomin fannu, amma da sharaɗin duk kalmar da kika shigar, ki sa mata misali daga Hausa wanda ke kika nemo, ba wanda ke cikin littafi ba.

Yanzu mu zo kan jingar. Ban ga takardarki ba, amma kurakuran da ɗalibai suke yi a aikin farko na gano tsohuwar siffa sanannu ne. Mafi yawansu kallon kalma suke yi ɗungurungum, su zaɓi wadda ta fi yi musu kama da tsohuwa, su sa mata tauraro a gaba, wato alamar da ake sa wa tsohuwar siffar da aka gano. Hanyar kwatanci ba kalma take kwatantawa ba, sauti take kwatantawa. Ana jera kalmomin a layi, baƙi a ƙarƙashin baƙi, wasali a ƙarƙashin wasali, a fitar da kowane jerin sautukan da suke fuskantar juna, a rubuta lambobin kalmomin da jerin ya bayyana a cikinsu, sannan a duba muhallinsa, ko farkon kalma ne, ko tsakanin wasula, ko gaban wasalin i. Sai bayan an gama wannan ake yanke hukuncin wane sauti ne na asali, kuma sai bayan an yanke wa kowane sauti hukunci ake harhaɗa kalmar.

Kuskure na biyu shi ne bin rinjaye ido rufe. Ɗauki kalmar rayuwa a harsunan da suka fito daga Latin. A Italiyanci "vita" ce, a Sifaniyanci "vida", a harshen Fotugal "vida", a Faransanci "vie". Idan ƙuri'a za a kaɗa, d ce za ta ci, tunda harsuna biyu ke da ita, t kuwa harshe ɗaya. Amma wanda ya san ɗabi'ar sauti ya san cewa wasali ziza yake da ita, kuma baƙi marar ziza da ya maƙale tsakanin wasula biyu yakan ɗauki zizarsu, daga nan ya yi laushi, wani lokaci ya ɓace baki ɗaya. Tafiya daga t zuwa d zuwa babu hanya ce da harsunan duniya suka sha bi, komawa daga d zuwa t a tsakanin wasula kuwa abu ne mai wuyar samuwa. Saboda haka t za a zaɓa, kuma a wannan karon muna da shaida, domin Latin a rubuce take, kuma "vita" ce a cikinta. A takardar jinga, wannan bayani na dalilin zaɓi shi ne yake ɗauke da mafi yawan makin. Ɗalibin da ya rubuta amsa daidai ba tare da dalili ba yakan sami ƙasa da wanda ya kuskure sauti ɗaya amma ya nuna tafarkin da ya bi. Idan kin gama rubuta dokokinki, ki koma kan kalma ta farko ki ɗora mata su ɗaya bayan ɗaya ki ga ko za su haifar da siffar da ke cikin kowane harshe, ki yi haka har kalma ta ƙarshe. Wadda ta ƙi, kada ki ɓoye ta, ki rubuta a ƙasa cewa ta ƙi, ki faɗi abin da kike zato, ko aro ce, ko akwai sharaɗin da bai bayyana a cikin jerin ba.

Akwai wata dama da kike da ita wadda na ga alamar ba ki lura da ita ba, wato harshenki da kuma garin da kika fito. Dubi yadda Hausa take yin jam'in wasu kalmomi masu baƙi uku, "gulbi" da "gulabe", "birni" da "birane", "jirgi" da "jirage", "kasko" da "kasake". Ƙa'idar a fili take, ana cusa dogon wasalin "a" tsakanin baƙi na biyu da na uku, a ƙare da e. To sai ga "Buzu" da "Bugaje". Daga ina g ta fito a jam'in, alhali babu ita a tilo? Idan kika mayar da jam'in baya ta kan ƙa'idar, za ki sami baƙaƙe uku, b da g da j, kuma kin san z takan koma j a gaban e ko i, kamar a "kaza" da "kaji". Ke nan tsohon tilon "bugzu" ne, g ɗin da ta zo a ƙarshen gaɓa ta narke ta koma w, ta haɗe da wasalin da ke gabanta ya zama dogo, a jam'i kuwa ta tsira saboda wasali ya biyo bayanta. Ki gwada wannan a kan "juji" da "jibaje", da "zuciya" da "zukata", da "talaka" da "talauci", da "gwauro" da "gwagware". Abin da kika yi shi ne gano tsohuwar siffa daga cikin harshe ɗaya ba tare da kwatanta shi da wani ba, wanda babi ne sukutum a littafin kwas ɗinku. Sauyin kansa yana cikin abin da ake kira dokokin Klingenheben, da sunan Bajamushen da ya bayyana su a ƙarshen shekarun 1920, August Klingenheben. A taƙaice, baƙaƙen hanɗa, irin su k da g, da na leɓe, irin su b da m, sun koma w a ƙarshen gaɓa, na hanƙa kuwa, irin su z da ɗ, sun koma ra-gare, wato r mai kaɗa harshe, kamar yadda "maza-maza" ta ba da "marmaza", "kaɗa" ta ba da "karkaɗa".

Inda garinku ya shigo shi ne sauyin baƙaƙen leɓe bai game ƙasar Hausa ba. Kano da maƙwabtanta ya shafa, ya bar yamma. Shi ya sa a ƙasar Sakkwato da Zamfara za ki ji "zamna" inda Bakano yake cewa "zauna", "sabka" a maimakon "sauka", "abduga" a maimakon "auduga", "sabro" a maimakon "sauro", "shibka" a maimakon "shuka". Mai yiwuwa an taɓa yi miki dariya a makaranta kan irin wannan furuci, ko ke da kanki kin gyara bakinki don ya dace da Daidaitacciyar Hausa, amma a wannan kwas siffofin da tsofaffin gidanku suke furtawa su ne shaidar da ke tabbatar da abin da jam'in kalmomi ya nuna. Sai dai kada ki zarce ki ce duk abin da ke yamma shi ne tsoho, domin wannan ma kuskure ne da malami zai kama. Daga tsohuwar siffa "amre", Kano ta yi "aure", wasu yankunan yamma kuwa sun musanya gurbin baƙaƙen suka yi "arme", kowane ɓangare ya yi nasa sauyin. Za ki kuma ci karo da kalmomi irin su "tafki" waɗanda ko a Kano baƙin leɓen yana nan a ƙarshen gaɓa. Ki tara irinsu a shafi guda, ki kai wa malaminku a matsayin tambaya.

Batun takardar bincikenki shi ne wurin da zan fi tsananta miki, domin idan kika rubuta ta a kan da'awar da kika faɗa, za ki faɗi, kuma malamin yana da gaskiya idan ya kayar da ke. Hausa ba daga Larabci ta fito ba. Tana cikin harsunan Cadi, waɗanda yawansu ya kai kimanin 150, ana magana da su a arewacin Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, kuma 'yan'uwanta na kusa su ne Gwandara da Bolanci da Karekare da Ngas da Ngizim da Bade da makamantansu. Joseph Greenberg, a rabe-raben harsunan Afirka da ya kammala a 1963, ya sanya harsunan Cadi a matsayin reshe na babban iyalin Afro-Asiya, tare da reshen da Larabci da Ibrananci suke ciki, da na Abzinanci da danginsa, da tsohon harshen Masar, da harsunan Kush irin su Somali da Oromo. Paul Newman da Roxana Ma suka ƙarfafa haɗin kan harsunan Cadi da hujjar sauti da kalmomi a 1966, sannan Newman ya sake fitar da rabe-rabensu a 1977. Dangantakar Hausa da Larabci ke nan ta 'yan'uwan da suka haɗa kaka mai nisa ƙwarai, dubban shekaru kafin Musulunci ya iso ƙasar Hausa.

Ki koma kan jerin da kika tara ki duba fagen da kalmomin suka fito. Ina da yaƙinin za ki tarar mafi yawansu na addini ne da shari'a da ilimi da ciniki, da sunayen ranakun mako, da lambobi daga ashirin zuwa casa'in. Waɗannan su ne fagagen da harshe yake yin aro a cikinsu. Sannan ki duba "ido" da "kunne" da "ruwa" da "wuta" da "biyu" da "uku", ki ga ko sun yi kama da na Larabci. Kalmar "huɗu" ba ta da alaƙa da "arba'a", amma a Bolanci "poɗɗo" ake cewa, a Ngizim ma kalmar da f da ɗ take, haka kuma tsohon harshen Masar yana da f da d a kalmarsa ta huɗu. Gadon da Hausa da Larabci suka yi tarayya a kansa na gaske yana nan, amma ba ya ɗaukar ido kamar aro. Yana cikin "mutu" da "mata" ta Larabci mai ma'anar ya rasu, da t ta jinsin mace da ke cikin "ta tafi" da "taktubu", da ɗafa-goshin m da ke gina sunan wuri da na kayan aiki, kamar "makaranta" da "madrasa", "mabuɗi" da "miftah". Ki lura cewa kamannin da ya yi yawa shi ne abin tuhuma, domin kalmomin da suka rabu dubban shekaru da wuya su zauna ba su sauya ba. Akwai kuma kamannin da katsahan ne kawai, kamar "bad" ta Farisanci da "bad" ta Turanci, waɗanda suka yi daidai a furuci da ma'ana ba tare da sun haɗa asali ba. Labarin Bayajida da zuwansa daga Bagadaza kuwa yana da matsayinsa a tarihin baka da tarihin sarautun Hausa, amma ba hujja ba ne a kan asalin harshe, kuma kada ya shiga wannan takarda a matsayin hujja.

Wahalar da kika sha wajen tara kalmomin ba ta tafi a banza ba, tambayar kawai za ki sauya. Maimakon ki ce Hausa daga Larabci ta fito, ki tambaya ta wace hanya kuma a wane zamani kalmomin Larabci suka shigo Hausa. Ki ware waɗanda suka shigo da "al" manne a jikinsu, irin su "alƙali" da "alƙalami" da "allura", da waɗanda l kaɗai ta rage musu, irin su "littafi" da "labari" da "lahira", da waɗanda suka shigo babu ita, irin su "siyasa" da "jarida". Ki duba abin da Hausa ta yi wa sautukan Larabcin da ba ta da su, da yadda take ƙara wasali a ƙarshen kalma. Ki kuma lura da waɗanda suka biyo ta hannun wani harshe, kamar "kasuwa", wadda tushenta "suƙ" ne amma ta ratso ta Barbarci kafin ta iso. Greenberg ya yi rubutu a kan ararrun kalmomin Larabci a Hausa a 1947, da kuma tasirin Barbarci a kan Hausa a 1960, kuma ya kamata ki nemi duka biyun. Idan kuwa kin fi son aikin fili, ki ɗauki kalmomi ɗari na yau da kullum, ki zauna da tsofaffi biyu ko uku a garinku lokacin hutu, ki nemi izininsu ki naɗi muryarsu a waya, ki rubuta abin da suka furta da alamar tsawon wasali da karin sauti, ki kwatanta da Daidaitacciyar Hausa, sannan ki duba ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda yake nuna yankin da siffofi da dama suka fito. Kowanne daga cikin biyun nan ya isa takardar zango, kuma zai iya girma ya zama kundin digirinki a aji huɗu.

Kwafar amsa ba zan ba ki shawararta ba. Ban da kasancewarta cin amanar karatu, lissafinta ma bai fita ba. Kaso mafi girma na makin kwas yana jarrabawar ƙarshe, kuma a wannan fanni malami yakan kawo jerin kalmomi daga harshen da ba ku taɓa gani ba ya ce ku warware a zaune, inda babu mutum biyun da ake kwafa daga wurinsu. Jingar mako ita ce kaɗai wurin da ake koyon wannan. Bugu da ƙari, a irin wannan aiki kwafa ba ta ɓoyuwa, domin amsa daidai takan zo iri ɗaya, amma idan takardu goma sha biyar suka yi kuskure ɗaya a kan sauti ɗaya da kalmomi iri ɗaya, malami ya san abin da ya faru ko da ya yi shiru a karon farko. Karatun haɗin gwiwa kuwa halas ne kuma yana da amfani, muddin kowa ya fara gwada aikin shi kaɗai, sannan ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi gardama kan dalilin da ya sa wannan ta zaɓi p waccan ta zaɓi b, daga nan kowa ta koma ta rubuta nata da hannunta. Idan a ƙungiyar akwai mai jin Fulfulde ko Barbarci ko wani harshen Cadi, ki riƙe ta da kyau, domin za ta kawo misalan da ba ki da su.

Saura malaminku. Ki nemi lokacin da yake ganin ɗalibai a ofis, ki je tare da wata 'yar ajinku, ki riƙe takardar jingar da ya mayar miki. Kada ki buɗe da cewa ba ki gane kwas ɗin ba, domin wannan magana ba ta da wurin kamawa, kuma amsar da za ki samu ita ce ki je ki ƙara karatu. Ki sake yin jingar tukuna ta hanyar da na bayyana, ki nuna masa sabon aikin kusa da tsohon, ki ce ga jerin sautukan da kika fitar, ga wurin da kika tsaya, kina roƙon ya nuna miki ko sharaɗin da kika sa wa doka ta biyu daidai ne. A zama ɗayan ki gabatar masa da sabon batun takardarki a rubuce, sakin layi ɗaya da misalai biyar, ki nemi amincewarsa kafin ki ci gaba, ki kuma tambaye shi ko maƙalun Greenberg biyun suna ɗakin karatu na sashe ko zai ba ki aron nasa ki yi fotokofi.